Uwar kuɗi tana cikin takarda

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake fitar da uwar kuɗin hannun jari idan Alhaji ya saya kashi-kashi, ya sayar da wani ɓangare. Haraji kan riba ake ɗora shi, riba kuwa ba ta fitowa sai ka san abin da ya fita daga aljihunsa tun farko.

Kada ka ɗauki farashi daga bakinsa. Zai ce maka "wajen naira ashirin na saya", kuma ba ƙarya yake ba, mantuwa ce. Nemi takardar cinikin da dillali ya ba shi kowane saye, ka haɗa da bayanin asusunsa na CSCS, wato kamfanin da ke ajiye rajistar hannun jarin masu saye. A ƙasan takardar akwai kamashon dillali, kuɗin SEC (hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari), kuɗin hatimi. Duk uwar kuɗi ne. Yaran ofis nan suke yawan tsallakewa, su sa mutum ya biya haraji kan kuɗin da bai ci ba, abin yana damuna ƙwarai.

Ɗauki biro. A ce ya sayi hannun jari 10,000 kan naira 20 kowane, caji 4,000: 204,000. Ya ƙara 10,000 kan naira 30, caji 6,000: 306,000. Jimla 510,000. Sai kamfani ya ba da kyautar ɗaya kan kowane biyar, ya samu 4,000. Bai biya sisi ba, don haka 510,000 tana nan, amma yanzu a kan 24,000 za ka raba ta: naira 21 da kwabo 25 kowane. Ya sayar da 8,000, uwar kuɗinsu 170,000. In bayan caji ya karɓi 314,000, ribarsa 144,000. Matsakaicin nan muke bi a ofishinmu, kuma ba ma canza hanya tsakiyar lissafin mutum.

Rabon ribar shekara kar ka taɓa shi a nan, an cire masa harajin kashi 10 tun kafin ya shigo.

Ƙaramin ciniki irin wannan doka ta yafe. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa iyakar kuɗin sayarwar da ake yafe wa haraji a naira miliyan 100 cikin wata 12. Dokar haraji ta 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta kai shi miliyan 150, muddin ribar ba ta wuce miliyan 10 ba. Duk da haka ka rubuta lissafin, don sauran 16,000 ɗin suna ɗauke da 340,000, kuma ranar da FCT-IRS, hukumar haraji ta Abuja, ta tambaya, fayil ɗinka za a buɗe. Gobe ka kira dillalinsa ya turo takardun da suka ɓace.