Daga Birnin Kebbi zuwa Jidda: nisa da tsawon lokacin tafiya a jirgi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Jidda da kuma awa nawa jirgi ke yi, domin Hajiya mahaifiyarka za ta sauke farali, ga shi wani ya ce maka awa 5 ne, wani kuma ya ce 7. Allah ya kai ta lafiya. Na bi hanyar, na kuma sha raka maniyyata, kuma a ganina kowane daga cikinsu yana da gaskiya.

Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, idan aka miƙe sak, nisan ya ɗan haura kilomita 3,800, zuwa Madina kuwa ya kusa 4,000. Manyan jirage na gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, don haka idan aka haɗa da hawa da sauka, tafiyar takan ci awa 4 da rabi zuwa 5. Miƙaƙƙiyar hanyar takan ratsa sararin Nijar da Chadi da Sudan, sannan a tsallaka Bahar Maliya.

Sai dai jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu suka riƙa zagaye, tafiyar ta kai awa 6 ko fiye. Saboda haka ka tambayi jami'an hukumar jin daɗin alhazai hanyar da za a bi bana.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne agogo. Saudiyya na gaba da mu da awa 2, kuma lokacin sauka da ake sanarwa na can ne. Idan jirgi ya tashi da ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5, zai sauka da ƙarfe 3 a agogonmu, alhali a Jidda 5 na asuba ta yi. Wanda ya duba lambobin kawai sai ya ce awa 7 aka yi. A dawowa lissafin juyawa yake yi, sai tafiyar ta yi kamar ta awa 3.

Ga dattijuwa kamar Hajiya, abin da na fi damuwa da shi shi ne zaman jira a sansanin alhazai da layin tantancewa bayan sauka, domin sau da yawa sukan fi zaman jirgin tsawo. Ku sa mata magungunanta a jakar hannu, ku ja mata kunne ta riƙa shan ruwa tana miƙe ƙafa, kuma kada hankalinku ya tashi idan kun kwana ba ku ji muryarta ba, don sai ta samu layin waya na can.