Keken saƙar Mama ya shekara 9 a ƙarƙashin gado, anya zai tashi kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Kaduna, yarana uku. Bara Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, da aka zo rabon kaya sai aka bar min keken saƙarta dan ni ce nake zama kusa da ita in tana aiki lokacin ina sakandare, har hular jarirai na taɓa haɗawa amma wallahi yanzu duk na manta. An rubuta Brother KH-860 a jikinshi, kuma ya kai shekara 9 a ƙarƙashin gado tun da idonta ya fara ba ta matsala. Rannan na buɗe na ɗora kan, wato abin nan da ake turawa ya bi ta saman allurai, na tura sai ya cije a tsakiya, na ƙara ƙarfi allura biyu suka lanƙwashe, sai na tsorata na rufe. Yayana ya ce in sai da wa 'yan gwangwan in huta, ni kuma raina bai so, ina son in fara kayan sanyi na jarirai kafin hunturu. Dan Allah zai gyaru ko dai in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ki ce wa Yaya ya yi haƙuri, wannan keken bai kai hannun 'yan gwangwan ba. Su kilo za su auna su miƙo miki kuɗin da ko cefanen kwana biyu ba zai yi ba, alhali kamfanin Brother na Japan tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ya daina ƙera keken saƙa, duk na Brother da kika gani a hannun mata yau tsoho ne irin naki, kuma suna nan suna ciyar da gidaje. Naki mai allura 200 ne, tazarar milimita 4.5 tsakanin allura da allura, yana karɓar katin nan mai huji-huji da ke fidda ado mai maimaita kanshi duk ɗinki 24. Ba ya shan wuta, kin ga ke da 'yan NEPA sai dai gaisuwa.

Amma kar ki sake tura kan nan ko sau ɗaya sai kin duba soso. A nan matsalarki take, na kusa rantsewa.

Ki leƙa gefen keken ta ɓangaren gaba, daidai inda alluran suke fitowa, za ki ga bakin wata doguwar sandar ƙarfe siririya da ta ratsa keken daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ki tura ta da gindin fensir daga gefe ɗaya, ki jawo ta ɗayan. A jikinta akwai soso, aikinshi shi ne ya danne alluran su kwanta daidai yadda in kan ya zo wucewa zai same su a layi. Soso kuwa ko ana aiki da keke ko ba a yi mutuwa yake yi, balle shekara 9 a zafin ɗakunanmu. Za ki same shi ya lafe kamar biredin da yaro ya zauna a kai, ko ya zama wani baƙin danƙo mai maƙale wa yatsa, wani ma garin shi za ki ga yana zubowa. In ya mutu alluran sai su ɗago kai suna rawa, kan ya zo ya buge su, abin da ya lanƙwasa miki biyun nan kenan. Ba aljanu ba ne, ba kuma hannunki ne mara kyau ba.

In kin samu sabuwar sandar a wajen masu kayan keken ɗinki da na saƙa, ki leƙa Kasuwar Barci tunda kusa da ke take ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, to shikenan, amma ki tafi da tsohuwar a hannu a gwada dan ta Brother daban ta Singer daban, haka ma alluransu ba sa shiga na juna, kar mai shago ya ce miki duk ɗaya ne. In ba ki samu ba ki gyara da kanki. Ki kankare tsohon soson tas da bakin sukundireba, ki goge kwarin da sifirit, ki yanko sabon soso mai ɗan ƙarfi wanda in kin danna yake dawowa, daidai faɗin kwarin, tsayin shi wajen santimita 1, ki manna da gam, sai ki shimfiɗa siririn ribon a samanshi ki manne dan kar allura ta dinga yagar soson, ki naɗe bakin biyu da salatif. Wajen mayarwa soson ƙasa yake kallo, kan alluran, kuma kina turawa kina danne alluran da yatsa ko da ruler dan sandar ta bi ta samansu. Da yawa a nan suke kuskure su sa ta a juye, su dawo suna cewa keke ya ƙi.

Tunda sandar na waje, ki cire alluran da suka lanƙwashe a lokacin. Ki turo allurar gaba har ƙarshe, ki rufe ɗan harshenta, ki danna bakin ƙasa sai gindin ya ɗago, ki zare ta ta baya. Ki duba akwatin kayan keken, galibi akwai 'yan canji a ciki, in babu ki ari na can ƙarshen gefe, kayan jarirai ba za su cinye miki allura 200 ba. Ni da ni ce ma duka zan cire in jiƙa su a kwalba da sifirit da ɗigon man keke kaɗan, in girgiza, in goge ɗaya bayan ɗaya ina taɓa harshen kowace. Harshen da ba ya buɗewa ya rufe da kanshi salin-alin shi ne yake zubar da ɗinki, ki yi ta ganin huji a layi ɗaya kina zargin zare. Aikin yini guda ne, ki bari sai yara sun tafi Islamiyya dan allura 200 da ɗan shekara biyu ba sa zama ɗaki ɗaya.

Maganar mai kuma, man keken ɗinki kawai, farin nan mai ruwa-ruwa, shi ma a tsumma za ki ɗiga ki shafa a kan titin da kan yake bi da gindin alluran da ƙarƙashin kan. Ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai, ban da giris. Ni an taɓa yi min, na kai nawa wajen wani mai gyara ya antaya mishi man inji, a ranar kam sai santsi kamar sabo, da ƙurar hunturu ta sauka ta haɗu da man sai ya zama kamar kwalta, fararen suwaita uku na 'yan makaranta na yi asara, har yau in na tuna sai na ji haushi. In maɓallan kan sun ƙi dannuwa tsohon mai ne ya daskare, ki ajiye shi a rana na ɗan lokaci ko ki hura mishi iskar diraya ta gashi daga nesa-nesa, ki dinga motsa su a hankali. Sannan ki ɗaure keken da tebur da maƙalanshi guda biyu, in sun ɓace 'yan Panteka za su iya ƙera miki.

Bayan duk wannan ki fiddo allura kamar 40 a tsakiya, ki wuce da kan babu zare sau goma. Ya kamata ki ji shuu shuu, hannu ɗaya ya ishe ki. In ya cije ki tsaya, ki kwance sukurori biyun nan na gaban kan ki cire farantin ƙarfen da suka riƙe, ki ɗage kan ki ga abin da ya tare. Keken saƙa ba a yi mishi ƙarfi.

Zaren da Mama ta bari ki ja shi ki gani, in yana tsinkewa da sauƙi ki bar shi. Ki sayi siririn zaren ulu mai haske, fari ko ruwan ƙwai dan ki dinga ganin ɗinkin, kuma kar ki saƙa kai tsaye daga dunƙulen da aka sayar miki, ki sake naɗe shi yadda zai dinga fitowa ba tare da ja ba. Lambar da ke tsakiyar kan daga 0 zuwa 10 take, ƙaramar lamba ɗinki matsattse, babba sakakke, ki fara daga 7. Ki rataya matajin nan na ƙarfe da nauyin a gefe da gefe, in babu nauyi saƙa tsalle take yi ta zube miki a cinya.

Katin ado ki ajiye shi tukuna, ki yi sati biyu kina saƙa fili kawai kina warwarewa, ki koyi ƙari da ragi da rufe baki. Littafin keken in ya ɓace ki rubuta Brother KH-860 a Google za ki same shi kyauta, hotunan ma kaɗai sun isa, a YouTube kuma akwai masu nunawa. Amma abin da ya fi duk wannan, ki tuna matan da suke zuwa wajen Mama da zare a leda, cikinsu ba a rasa wacce har yanzu take yi, ki je ki gaishe ta ki zauna yini biyu kusa da ita.

Hunturun bana ki yi wa naki yaran hula da safa, sai na barka in an haihu a dangi. Kar ki karɓi kuɗin kowa, balle odar suwaitar makaranta, sai kin yi hula goma da suka fito girma ɗaya. In kin zaro sandar ki turo min da abin da kika gani a jikin soson.