Tambaya da Amsa: Tuƙa keke a hanyar Parenzana, tsakanin tuddan Istiriya da bakin teku

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan wuri guda: yankin Istiriya da ke arewacin Tekun Adiriyatik, wanda ya ratsa Italiya da Sloveniya da Kuroshiya. A nan ne tsohon layin dogo na Parenzana, wanda ya tashi daga Trieste a Italiya zuwa Poreč a Kuroshiya, ya zama hanyar keke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Padova, na ji ana cewa daga Trieste har Poreč mutum zai tuƙa keke ba tare da ya haɗu da mota ba. Gaskiya ne? Kuma tuddan wurin ba za su fi ƙarfina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar da ka ji akwai gaskiya a cikinta, amma an ƙara mata gishiri. Parenzana layin ƙaramin jirgin ƙasa ne da aka buɗe a 1902, zamanin mulkin Ostiriya, aka rufe shi a 1935. Tsawonsa kilomita 123: kimanin 13 a Italiya, 32 a Sloveniya, 78 a Kuroshiya. Mafi yawansa yanzu babu mota, sai dai akwai wasu gurare da za ka shiga titi. Fita daga Trieste cikin gari ne, da cunkoso da unguwar masana'antu, shi ya sa muke ba da shawarar a fara daga Muggia, ƙaramin garin da ke kudu da Trieste. Wajen tsallaka iyakar Sloveniya da Kuroshiya, bayan filayen gishiri na Sečovlje, za ka bi kwalta tare da motoci na ɗan lokaci. Haka ma kusa da Poreč. A tsakanin gonakin zaitun kuma tarakta tana iya ɓullowa, don manoma ma da hanyar suke amfani.

Tuddai kuwa kada su ba ka tsoro. Jirgi ba ya iya hawan tsaye, don haka aka shimfiɗa layin yana kewaya tudu a hankali, hawan bai kai mita 3 a cikin kowane mita 100 ba. Wuri mafi tsayi yana kusa da Grožnjan, mita 293 sama da teku. Daga nan sai gangara mai tsawo, kimanin kilomita 20, zuwa Livade a kwarin kogin Mirna, sannan a sake hawa a kewaye tudun Motovun zuwa Vižinada. Hawan da ke sa gwiwa ciwo shi ne idan ka bar layin ka nufi cikin garuruwan da ke kan tudu, musamman Motovun, inda ƙarshen hanyar daɓen dutse ne mai tsayuwa. Don irin wannan, kekenka ya kasance yana da giyar da haƙoran baya suka kai na gaba ko suka fi, misali 40 a gaba, 42 a baya.

Tambaya: Kekena na kwalta ne, tayarsa milimita 28. Zai yi, ko sai na nemi wani? Wane awon iska zan sa?

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin abin da ke kayar da mutane a Parenzana taya ne, ba tudu ba. A ɓangaren Sloveniya, ta Koper da Izola da Portorož, kusan duk kwalta ce, kekenka zai wuce lafiya. Da ka shiga Kuroshiya sai ta koma burji. Wani wurin tsakuwa ce ƙanana da ta kwanta, wani wurin kuma farar duwatsu ne masu kaifi, sun fi yawa tsakanin Grožnjan da Livade da kuma hawan Vižinada. Taya 28 ba za ta jure ba. Mafi ƙanƙanta da za mu yarda da ita 38, wadda ta fi dacewa 40 zuwa 45. Kafin ka saya, duba ko jikin keken zai ɗauka, kuma ka bar tazarar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da ƙarfe a kowane gefe.

Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 80 a kan taya 40 ta tubles, wato marar tub a ciki, fara da awon iska na PSI 33 a gaba, 36 a baya. Idan da tub a ciki, ƙara kamar 5 zuwa 6. Idan ka ɗora jaka a baya, ƙara 3 a tayar baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne bugun iska har taya ta yi tauri, wai don kada ta yi faci. Taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, a kwana sai gaba ya zame, hannuwa kuma su yi sanyi saboda girgiza. Idan iska ta yi kaɗan da yawa, wata matsalar ce: dutse zai matse tub a jikin rim, ya yi ramuka biyu a jere. Duk wanda ya ciro tub ya ga ramuka biyu kusa da juna, to ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne, kuma in bai ƙara ba zai sake yi kafin ya yi nisa.

Tubles ya fi, saboda babu tub da za a matse, ruwan liƙin da ke ciki kuma yana toshe ƙananan huji da kansa. A zuba kimanin mililita 60 a kowace taya. Yana bushewa cikin wata uku zuwa shida, ya fi saurin bushewa da zafi, don haka a girgiza taya a saurara kafin tafiya. In ba a ji motsin ruwa ba, a ƙara. Abin da ruwan ba ya iya toshewa shi ne yanka a gefen taya, wanda dutse mai kaifi ke yi. Saboda shi ne dole a riƙe tub biyu, da famfo, da abin ɓanɓare taya, da ɗan yankin tsohuwar taya da za a sa ta ciki a rufe yankan kafin a saka tub. Ƙara alanki da mahaɗin sarƙa guda wanda ya dace da yawan giyarka.

Tambaya: Ni da ƙanwata muna so mu je a watan Oktoba. An ce idan an yi ruwa hanyar takan ɓaci. Mu fasa?

Amsa: Hajiya, kada ku fasa, amma ku bar kwana guda a hannu. Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba su ne lokutan da suka fi daɗi. Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 30, hunturu kuma akwai iskar bura mai sanyi da ke bugowa daga arewa maso gabas da ƙarfin da zai iya ture mai keke a kan gada. Oktoba dai ana samun ruwa.

Ƙasar Istiriya ba iri ɗaya ba ce. Ta wajen Poreč ja ce, a kan dutsen da ke shanye ruwa. Ta tsakiya, wajen Motovun da kwarin Mirna, yumɓu ce mai toka-toka, in ta jiƙe sai ta yi danƙo kamar lakar fadama. Kan layin dogon kansa da sauƙi, tsakuwa na tsane ruwa. Haɗarin yana kan ƙananan hanyoyin gona da taswirar waya ke nunawa a matsayin yanke. Lakar takan naɗe taya har ta cika tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe, taya ta tsaya cak. In aka ci gaba da taka feda da ƙarfi, lakar ta shiga abin canza giya na baya, sai ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe ko ya karye, tafiya ta ƙare ke nan. Da kun ji feda ta yi nauyi ba dalili, ku sauka, ku kankare da sanda, ku ɗaga keken ku koma kan tsakuwa. Wannan ɗan ƙarfen kowane keke da irin nasa, ba lallai a same shi a ƙauye ba, ku sayi na ajiya tun daga gida.

A jiƙe kuma, yashi yana cin takalman birki da sauri a doguwar gangara. In kaurinsu ya ragu zuwa milimita 1, a canza kafin a tashi. A riƙa matsa birki a saki, kada a riƙe shi tun daga sama har ƙasa, faifan birkin yakan yi zafi ya rage kamu.

Tambaya: Ramukan jirgi da suka ratsa duwatsu fa, akwai haske a ciki?

Amsa: Layin yana da irin waɗannan ramuka 9. Mafi tsawo shi ne Valeta, kusa da Portorož, mita 544, da kwalta da fitilu. Na Motovun mita 222 ne. A na ɓangaren Kuroshiya kada a dogara da fitilar wurin. Ka ɗaura fitila fara a gaba, ja a baya, ka kunna kafin ka shiga, ka cire baƙin tabarau. Ƙasan yakan jiƙe saboda ruwa na ɗiga daga sama, ga masu tafiya a ƙasa, don haka a rage gudu.

Tambaya: Kwana nawa zan ware, kuma me zan riƙe?

Amsa: Mai ƙarfi zai yi a kwana biyu, amma uku ya fi, kamar kilomita 40 a rana. A kan burji lissafa kilomita 12 zuwa 15 a awa, ba gudun kwalta ba. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi. Cika gorunanka a Buje da Grožnjan, don daga nan zuwa Livade wurin sayen ruwa ya yi ƙaranci. Sarƙa kuma a goge ta da tsumma kowace yamma, a ɗiga mai kaɗan, a goge rarar, domin farar ƙura tana manne wa mai ta cinye haƙora, iskar teku mai gishiri kuma tana kawo tsatsa.

Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, ta kuma koma kuɗin yuro a ranar 1 ga Janairu, 2023, amma har yanzu ana iya tsayar da mutum a iyaka. Fasfo da takardar izinin zama su kasance a jikinka, ba a cikin jakar da ka bari a masauki ba. Lambar gaggawa a ƙasashen uku 112 ce. A wajen abinci a tambaya, busasshen naman alade da suke kira pršut yana shiga girki da yawa. Kifi da taliya da man zaitun suna ko'ina.

Shirya komowa tun kafin ka tashi. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Poreč, kuma ba kowace bas ke ɗaukar keke ba, sai ka tambayi kamfanin ka kama wuri, ko ka yi ciniki da masu motar da ke mayar da masu keke Trieste.