Hafsa, anini da jarumin da ba na fim ba

Wani mai karatu daga unguwar Aboabo a Kumasi ya rubuto cewa ƙanensa, laftanan ne, an rataya masa lamba saboda abin da ya yi a bakin daga, kuma za su yi walima. Yana tambaya: "Malam, a katin gayyata mu sa lambar yabo ko lambar girma? Kuma ce masa ƙaramin hafsa ba raini ba ne?"

Allah ya sanya alheri. Ku rubuta lambar yabo ta jarumta. Lambar girma ana ba ɗan kasuwa, ana ba tsohon minista, ba sai mutum ya ji ƙarar harsashi ba. Ƙaramin hafsa kuwa muƙami ne, babu raini a ciki. Hafsa aro ce daga Turanci, 'yar'uwar saje, kofur da samanja. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsofaffinmu suka raɗa wa tauraron kafaɗa suna anini, saboda tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya da tauraro a jiki, wanda goma ke yin kobo. Laftanan mai anini biyu ne, kyaftin uku. Ta hannun riga kuma, irin ta saje da kofur, igiya ce.

Kada wannan ya ba kowa mamaki. Daga dakarun Hausawa aka kafa rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1879, Hausa ce harshen bariki shekara da shekaru, taken rundunar ma "Kullum Shiri". Amma a wancan zamani baƙin mutum a igiya yake tsayawa. Alhaji Grunshi, wanda ya harba harsashin farko na ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a Togo cikin Agusta 1914, ya ci lambobin yabo na jarumta DCM da MM, samanja ya ƙare. Sai a 1942 Seth Anthony, ɗan Gwalkwas, ya ɗaura anini, ya tafi yaƙin Bama. Mai son gani da ido ya leƙa gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi.

Wata malama daga Asawase: "Mene ne bambancin jarumi da barde?"

Barde mayaƙin kan doki ne, daga baya ya zama sarauta. Jarumi kuwa, kai! An kashe kalmar nan da ranta. Rannan a majalisa wani yaro ya miƙo mini waya wai in ga jarumi. Ina dubawa sai ga wani sanye da tabarau yana rawa a gindin bishiya. Ba na ƙin sana'ar kowa, amma ɗan wasa sunansa ɗan wasa. Jarumi shi ne wanda ya tsaya ranar da maza suka juya baya. In kun rabar da sunan ga masu rawa, me za ku kira laftanan ɗin Aboabo? Ga gwarzo ma, shi ma an ba 'yan ƙwallo. Sadauki kaɗai ya rage, shi ma don ba su tuna da shi ba ne.

"Malam, kurtu fa?"

Sabon ɗauka, wanda bai gama horo ba.

Wani direba daga Tafo yana son ma'anar "In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba." Ma'anarsa a fili take: kowane mai taurin kai akwai abin da zai kore shi. Sai dai kada ka kuskura ka faɗe shi a wurin walimar can. Kuma ƙi ne, da ƙugiya, ba "ki gudu" ba kamar kana umartar mace, ko da yake na san a zangonmu ƙugiyar ta daɗe da faɗuwa.