Me ya sa gaba ke ci gaba da faɗuwa bayan tsoro ya wuce?

Ɗan'uwa, ka ce kare ya biyo ka, ka tsira, amma hannunka bai daina rawa ba. Saƙo iri biyu ne suka yi aiki a jikinka. Na jijiyoyi daga ƙwaƙwalwa ya sauko ta laka cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ka zura da gudu kafin ka yi tunani. Sannan wasu ƙananan gaɓoɓi 2 da ke saman ƙoda suka zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Shi kuwa wannan sinadari sai ya ɗauki mintuna kafin ya lafa, shi ya sa gaba ke ci gaba da faɗuwa, hannu na rawa.

Kada ka sayi maganin kwantar da hankali da kanka. In zuciya na bugawa babu dalili, ga rama da yawan gumi, je asibiti likita ya auna sinadarin tayirod na maƙogwaro.