Tambaya da Amsa: Na ƙara wa sabar lambobi, sai ma ta ƙara kwanciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara basira. Ni ne nake kula da sabar rumbun bayanai a wurin aikinmu, PostgreSQL 14 muke amfani da ita a kan Linux, ram giga 32, CPU mai ƙwaƙwalwa 8, diskin kuma SSD ne. Da sassafe komai lafiya lau, amma da zarar jama'a sun cika a manhajar sai komai ya tsaya cak, shafin da ke buɗewa nan take sai ya ɗauki sakan goma ko fi, wani lokacin ma ta ce konekshan ya cika. Sai na ɗaga max_connections, wato iyakar konekshan da take karɓa lokaci guda, daga 100 zuwa 800, work_mem kuma na mai da shi mega 256, wallahi tun daga ranar abin ya ƙara lalacewa, sau biyu ke nan tana mutuwa da kanta ana tsaka da aiki. Oga ya ce ko in gyara ko a sayi babbar sabar. Don Allah ka ba ni lambobin da zan saka kawai.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, amin. Zan ba ka lambobi, amma kafin nan ka fara mayar da work_mem ɗin nan ƙasa yau ɗin nan, kar ka bari sai gobe, domin shi nake zargi da kashe maka sabar. Mutane da yawa suna ɗauka cewa work_mem rabon ram ne guda ɗaya na sabar gaba ɗaya, alhali ba haka ba ne, kowane aiki na jera sakamako ko haɗa tebura a cikin kowane umarnin SQL yana da ikon ɗibar wannan adadin don kansa, kuma umarni ɗaya tak yana iya ƙunsar irin wannan aikin biyu ko uku. To yi lissafi da kanka. Mutum 200 suna aiki lokaci guda, kowa ya ɗebi mega 256, giga 50 ke nan, in kowane umarni yana da aikin jerawa biyu ya zama giga 100, kai kuma 32 gare ka. Idan ram ya ƙare Linux ba ta yin shawara da kowa, sai ta zaɓi wanda ya fi ci ta kashe shi, ita kuma PostgreSQL da zarar an kashe mata konekshan ɗaya ta wannan hanyar sai ta yanke sauran duka ta sake tashi don kar bayanai su gurɓata. Mutuwar tsakar ranar da kake gani ke nan. Buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ka nemi inda aka rubuta Killed process, in ka gan shi a daidai lokacin da ta mutu to magana ta ƙare. Asalin saitin work_mem mega 4 ne, kai ka sa 16 ko 32, sannan ka kunna log_temp_files domin ka ga waɗanne umarni ne ram bai ishe su ba har suke zubawa a diski. In rahoton ƙarshen wata ne ke buƙatar da yawa, shi kaɗai za ka ba, ana iya saita work_mem ga yuza ɗaya ko zama ɗaya ba tare da an buɗe wa kowa ba.

Sai maganar konekshan 800, wannan ma na fahimci abin da ya kai ka, ta ce ya cika kai kuma ka ƙara mata wuri. Amma ƙwaƙwalwa 8 ce da kai fa, abu 8 kawai CPU ke iya yi a lokaci guda komai yawan masu jira, kuma a PostgreSQL kowane konekshan furoses ne, wato shiri mai gudana, mai zaman kansa da ke cin nasa ram ɗin. In ka bar ɗaruruwa suka shigo tare sai su yi ta turereniya a kan CPU da diski da makullan tebura, kowa ya samu kaɗan-kaɗan babu mai gamawa. Cikar konekshan alama ce ta cewa umarni suna daɗewa ba sa fita, ba ita ce cutar ba. Abin da ya dace shi ne ka sa PgBouncer tsakanin manhajar da rumbun, shi zai karɓi ɗaruruwan nan ya jera su, ya riƙa shigar da su ta konekshan 30 ko 40 kawai, wanda ya gama ya ba na baya. Ka sa shi a yanayin transaction, inda ake karɓe konekshan da zarar aiki ɗaya ya kammala, amma ka zauna da masu rubuta manhajar tukuna, don akwai abubuwan da ba sa tafiya daidai a wannan yanayin, kamar LISTEN da teburan wucin gadi da saitin da ake so ya zauna tsawon zama. Kuma ka leƙa pg_stat_activity, teburin da ke nuna abin da kowane konekshan ke yi, lokacin cunkoso, ka ƙirga nawa ne aka rubuta musu idle in transaction, waɗannan su ne waɗanda manhaja ta buɗe aiki ta tafi ta bar shi a buɗe, suna riƙe da makulli suna hana wasu wucewa. Akwai idle_in_transaction_session_timeout, mai yanke irin waɗannan in sun daɗe, a kashe yake zuwa, kunna shi.

To yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin nan ne zan saɓa wa buƙatarka ta a ba ka lambobi kawai. A sabar da jama'a suka yi wa yawa, sau da yawa ba saiti ne ke cin ta ba, wasu 'yan umarni ne da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma muddin ba ka gano su ba duk lambar da ka saka lalube ne a cikin duhu. Kunna pg_stat_statements, mai ƙirga lokacin da kowane umarni ke ci, za ka saka shi a shared_preload_libraries ka kashe rumbun ka kunna sau ɗaya, sannan ka buga CREATE EXTENSION. Bar shi ya kwana ɗaya yana tattarawa, sai ka jera sakamakon bisa total_exec_time ka ɗauki goma na sama. Ka lura fa, jimillar lokaci na ce, ba wanda ya fi daɗewa sau ɗaya ba, saboda umarnin da ke cin milisakan 50 amma ana kiran sa sau miliyan a rana ya fi wanda ke cin sakan 20 sau uku illa nesa ba kusa ba. Kowanne daga cikin goman nan ka gwada shi da EXPLAIN ANALYZE, mai nuna hanyar da rumbun ya bi wajen gudanar da umarni, in ka ga Seq Scan a kan tebur mai miliyoyin layuka alhali layi biyar ake nema, to rashin indeks ne, yana karanta littafi daga bango zuwa bango don neman shafi ɗaya. Hattara, EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da umarnin da gaske, kar ka gwada shi a kan DELETE ko UPDATE sai a cikin aikin da za ka soke da ROLLBACK. In za ka gina indeks a sabar da ake aiki a kanta kuma ka sa CONCURRENTLY don kar ka toshe masu rubutu. Indeks ɗaya da ya faɗa inda ya dace yana iya yi maka abin da ninka ram ba zai yi ba, shi ya sa nake cewa ka roƙi oga ya ɗaga maka ƙafa na sati biyu kafin a kashe kuɗi a sabuwar sabar.

Ga lambobin, tunda sabar ta rumbun ce ita kaɗai. Ba ka ambaci shared_buffers ba, wato ram ɗin da PostgreSQL ke ajiye bayanan tebura a ciki, in har yana nan a mega 128 da yake zuwa da shi to ka mai da shi giga 8, wato kashi 25 cikin 100 na ram, kar ka yi zari ka ba shi rabi ko fi domin PostgreSQL tana dogara da ma'ajiyar Linux ma, wuce kashi 40 ba kasafai yake ƙara komai ba. effective_cache_size ka sa giga 24, shi ba ya ɗibar ram ko kaɗan, labari ne kawai kake ba mai tsara umarni na yawan bayanan da ake sa ran samu a ram. random_page_cost, wato ƙiyasin wahalar karanta diski a warwatse, yana zuwa a 4.0, lissafin zamanin diski mai juyawa ne, a SSD ka sauke shi zuwa 1.1 don ta daina gudun indeks. maintenance_work_mem, ram ɗin ayyukan gyara irin gina indeks, ɗaga shi daga mega 64 zuwa giga 1 ya yi. In kuma kana ganin komai na tsayawa lokaci-lokaci kamar an taka birki, kunna log_checkpoints ka duba, max_wal_size, wato iyakar kundin da ake fara rubuta canje-canje a ciki, na giga 1 yana saurin cika a sabar da ake yawan rubutu, sai ta yi ta juye bayanai a diski kafin minti 5 ɗin da aka tsara su cika, ɗaga shi zuwa giga 4 ko 8 in diskin na da wuri.

Abu ɗaya da nake roƙon ka kar ka yi, kar ka kashe autovacuum, mai share matattun layuka da kansa, ko da ka gan shi yana aiki lokacin cunkoso ka ji haushi. Duk layin da aka gyara ko aka goge, tsohonsa yana nan kwance a tebur sai an zo an share, kuma a saitin asali ba ya zuwa sai matattun layuka sun kai kashi 20 cikin 100 na tebur, ka ga tebur mai layi miliyan 50 sai ya tara miliyan 10 kafin a waiwaye shi. Ga manyan teburan da ake yawan taɓawa ka sauke autovacuum_vacuum_scale_factor zuwa 0.02 a kan tebur ɗin kansa, ya riƙa zuwa akai-akai yana ɗan sharewa. Haka ma fsync, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a diski, duk wanda ya ce ka kashe shi don gudu kar ka saurare shi, ɗaukewar wuta sau ɗaya na iya lalata rumbun gaba ɗaya.

Kuma don Allah kar ka zuba waɗannan duka a dare ɗaya. work_mem yau, pg_stat_statements da shared_buffers tare tunda dukansu sai an kashe an kunna, sauran kuma ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta tsohuwar lamba da sabuwa da ranar da ka canza, kana kwatanta lokacin cunkoson yau da na jiya. Ka ajiye kwafin postgresql.conf kafin ka taɓa komai. In ka samu goman nan na sama ka turo min su tare da abin da EXPLAIN ya nuna, za mu duba su a wannan filin in sha Allah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Tawa MySQL 8 ce, ram giga 16, wani abokin aiki ya ce in mai da innodb_flush_log_at_trx_commit zuwa 2 kuma in kunna query cache wai za ta yi gudu. Bayanan biyan kuɗin kwastomomi ne a ciki, shi ya sa nake tsoro. In yi?

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Query cache, wato ma'ajiyar sakamakon umarni, dai babu shi ma a MySQL 8.0, an cire shi gaba ɗaya, don haka ki bar wannan. Ɗayan kuma gaskiya ne yana ƙara saurin rubutu, amma ga abin da za ki bayar a madadi: a 1 duk aikin da aka ce ya kammala to ya sauka a diski, a 2 kuwa kusan sau ɗaya a sakan ake saukarwa, in wuta ta ɗauke ko Linux ɗin ta faɗi za ki iya rasa aikin kusan sakan ɗaya na ƙarshe, wato kwastoma ya ga an ce kuɗinsa ya shiga ke kuma babu shi a rumbunki. A kan kuɗin mutane ni ban yarda ba, bar shi a 1. Inda za ki samu gudun shi ne innodb_buffer_pool_size, ram ɗin da MySQL ke ajiye bayanan tebura a ciki, mega 128 yake zuwa da shi, in sabar ba ta ɗauke da wani aiki sai rumbun ki ba shi giga 10 zuwa 12. Sannan ki kunna slow_query_log, kundin da ke rubuta umarnin da suka daɗe, ki sauke long_query_time daga sakan 10 zuwa 1, bayan kwana biyu ki buɗe ki ga su waye suka fi yawan fitowa.