Amsa: Yaro yana cin ɓawon tsohon fenti

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɓawon tsohon fentin da ɗanki mai shekara biyu yake tsinta yana kaiwa baki zai cutar da shi. Ƙwarai kuwa, idan akwai dalma a fentin. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na babba, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa: jinkirin magana, rashin natsuwa, wahalar karatu. Abin tsoron, yaro yana wasansa garau alhali gubar tana taruwa.

Ki kai shi gwajin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan sakamakon gwajin ya nuna dalmar ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini (kashi ɗaya cikin goma na lita), a nemo tushenta a raba yaron da shi.

Kada a kankare bangon a bushe, kada a ƙona fentin, domin ƙurarsa tana bin ko'ina. Tsintsiya ma tayar da ita take yi. Da jiƙaƙƙen tsumma za ki goge ƙasa da bakin taga, inda take kwantawa, sannan ki wanke masa hannu da sabulu kafin cin abinci. A duba ƙarancin jini ma, don jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe ya fi jan dalma.